Nishaɗi ko Gasa: Me Ya Sa Rigimar Haɗa Abokan Karawa a Wasannin Harbi Ta Ƙi Ƙarewa?

Idan mutum ya dawo daga kasuwa ko makaranta a gajiye, ya ɗauki waya ya shiga wasan harbi na intanet don ya ɗan huce, da wa ya kamata a haɗa shi? Da tsaransa a iya wasa, ko da duk wanda Allah ya kawo a wannan lokacin?

Tambayar kamar ba ta kai ta kawo ba, amma shekara da shekaru tana raba kan 'yan wasa. Ta sake tasowa a watan Oktoban 2025, lokacin da Treyarch, masu haɗa jerin Black Ops na Call of Duty, suka sanar cewa a Black Ops 7, wanda ya fito ranar 14 ga Nuwamba, ba za a riƙa ba ƙwarewa nauyi sosai ba wajen haɗa mutane a ɓangaren nishaɗi. Masu yaɗa wasansu a YouTube da Twitch suka yi ta murna kamar an cire musu ƙaya. Abin mamakin shi ne, shekara guda kafin nan, Activision, uwar kamfanin, ta fitar da sakamakon wani gwaji nata da ya nuna cewa irin wannan sassauci yana korar yawancin 'yan wasa. To wa ke da gaskiya? A ganina an daɗe ana jayayya a kan rabin maganar, an bar ɗaya rabin.

Filaye biyu a wasa ɗaya

Kusan duk wasan harbi na zamani yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta nishaɗi: ka shiga, ka yi wasa, ka fita, ba abin da za a rage maka in an cinye ka. Ta biyu ita ce ta gasa, wadda samari ke ce wa ranki, inda kowace nasara ke ɗaga ka, kowace faɗuwa ke sauke ka, kuma kowa na ganin lambar da ke gaban sunanka. Mai buga Call of Duty: Mobile ya san tsanin, daga Rookie har Legendary. Mai Free Fire yana mafarkin Heroic da Grandmaster, mai PUBG Mobile kuma Conqueror.

Wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma a filin unguwa ya riga ya san bambancin. Da la'asar sakaliya ana ajiye duwatsu ko silifa a matsayin raga, babba da yaro a cakuɗe, wani ba takalmi, in aka ci ka ka yi dariya gobe a sake. Ranar gasar cin kofi kuwa akwai alƙalin wasa, akwai riga iri ɗaya, akwai doka, kuma ba wanda zai sa ƙanensa a gola don kawai yana so ya buga.

Haka dokokin suke bambanta a cikin wasannin. A Call of Duty, ɓangaren gasa mutum huɗu-huɗu ne, da dokokin da ƙwararrun lig ɗinsu ke bi, an hana wasu makamai da wasu kayan aiki. A Counter-Strike gasa biyar-biyar ce, ɓangaren nishaɗi kuwa yana kaiwa goma-goma. Da Halo Infinite ya fito a 2021, a ɓangaren gasa an cire na'urar da ke nuna maka motsin abokin gaba, kuma harsashinka na iya kashe ɗan ɓangarenka. Babu wanda ke jayayya da cewa a nan dole a haɗa tsara da tsara. Rigimar duk a ƙofar farko take.

Yadda kwamfuta ke auna hannun mutum

Abin da 'yan wasa ke kira SBMM a taƙaice, ma'anarsa haɗa abokan karawa bisa ƙwarewa. Asalinsa ba daga wasan harbi yake ba, daga wasan dara na Turawa ne, wato ces. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks haifaffen Hangari da ya yi rayuwarsa a Amurka, shi ya tsara lissafin da hukumar ces ta duniya ta karɓa a 1970. Kowane ɗan wasa yana da maki. In ka doke wanda ya fi ka, makinka ya yi tsalle; in ka doke na ƙasa da kai, ɗan kaɗan za ka samu. A wannan lissafi, tazarar maki 400 na nufin ana sa ran na sama ya fi na ƙasa samun nasara sau goma.

Amma ces mutum biyu ne ke zaune gaba da gaba. Wasan harbi kuwa mutum takwas ne, ko goma sha biyu, ko ɗari, kuma za ka iya yin bajinta amma 'yan ɓangarenka su ja ka ƙasa. Shi ya sa masu bincike na Microsoft a Kambirij ta Ingila suka fito da TrueSkill, wanda aka soma aiki da shi a Xbox Live, dandalin wasan intanet na Microsoft, tun 2005. Shi lamba biyu yake riƙe wa kowa: ɗaya tana faɗin yadda yake zaton ka iya, ɗaya tana faɗin yadda ya tabbata da wannan zaton. Sabon shiga, na'ura ba ta san shi ba, don haka wasanninsa na farko suna jujjuya makinsa sosai. Tsohon hannu kuwa makinsa ya zauna, sai a hankali yake motsi.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan awo ba ya tsayawa a ɓangaren gasa. A mafi yawan wasanni, ko ka shiga ƙofar nishaɗi ana auna ka, sai dai ba a nuna maka lambar. Activision da kanta ta faɗa a watan Janairun 2024 cewa tun Call of Duty 4 na 2007 take duba ƙwarewa wajen haɗa mutane, tare da wasu abubuwa kamar kyawun layin intanet, tsawon jira, irin na'urar da kake wasa da ita, da taswirorin da ka buga kwanan nan. Ta ce layin shi ne kan gaba. 'Yan wasa da yawa ba su yarda ba.

Daga ina rabuwar ta samo asali?

A farkon lamari, a zamanin Quake da Counter-Strike na farko, ba mai haɗa ka da kowa. Kai za ka buɗe jerin saba, wato kwamfutocin da ke ɗauke da wasa, ka zaɓi wadda ta yi maka. Kullum a can za ka tarar da mutanen da ka saba gani, ka san wane gwani ne, wane mai surutu ne. Majalisa ce sosai, irin ta bakin titi bayan isha'i.

Halo 2, da ya fito a watan Nuwamban 2004, shi ya yaɗa tsarin da muka sani yau: danna maɓalli ɗaya, na'ura ta nemo maka mutane. Yana da mataki daga 1 zuwa 50. Halo 3 na 2007 ya raba jerin wasanninsa gida biyu a fili, na gasa da na zumunci. Mutumin da ya jagoranci tsara wasan jama'a na Halo 2, Max Hoberman, ya yi bayani a ƙarshen 2023 cewa da gangan ya bar sarari a tsarinsa, ta yadda wani wasa zai zo maka da sauƙi, wani da wuya, wani kuma kunnen doki. Ya soki tsarin zamani da ke neman mayar da kowane wasa kunnen doki, yana ganin hakan na gajiyar da mutum.

Wannan batu na Hoberman shi ne ya fi kama hankalina a duk muhawarar, domin bai ce a zubar da awo ba. Faɗin zoben yake magana a kai, wato yawan tazarar ƙwarewar da za a yarda da ita tsakanin waɗanda aka haɗa.

Kukan gwanaye, da inda suke da gaskiya

Gwani yana cewa: na ɓata shekaru ina koyon wasan nan, amma sakamakon da na samu shi ne a riƙa haɗa ni da irina kullum. Ba ranar da zan jingina da bango in gwada wata bindigar da ba a yayi, domin in na saki jiki daƙiƙa ɗaya an kwantar da ni. A ɓangaren gasa aƙalla ina ganin lambata na hawa. A nan kuwa wahalar gasa nake sha, ba lambar yabo.

Wannan kuka gaskiya ne, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Idan ka ƙara iyawa amma abokan karawarka su ma aka ƙara musu ƙarfi daidai da kai, ba za ka taɓa jin cewa ka ci gaba ba. Kamar mai hawa dutsen da ke ƙara tsawo ne.

Akwai kuma kukan da ya fi wannan taɓa ni, na abokai. Ƙanena yakan shigo mu yi wasa tare da daddare, shi a wayarsa ni a tawa, muna zaune a tabarma ɗaya. Ni na fi shi daɗewa a wasan, don haka in mun shiga tare sai a jefa mu cikin mutanen da suka fi kusa da matakina. Wata rana bayan wasa na huɗu ya kife wayar a cinyarsa ya ce, "Yaya, ni fa in ina tare da kai ko wanda ya harbe ni ba na gani. Bari in koma ni kaɗai." Ya koma shi kaɗai ɗin, kuma ya fi jin daɗi. Ɓangaren da aka yi don zumunci ya raba wa da ƙane da ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Duk tsarin da ya haifar da haka akwai gyara a cikinsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsananin awo ya haifar da dabarun kauce masa: gwani ya buɗe sabon asusu ya shiga cikin 'yan koyo yana yi musu kisan kiyashi, wani ya yi ta kashe kansa da gangan wasa bayan wasa don makinsa na ɓoye ya faɗi, wani ya sa VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, don na'ura ta ɗauka yana wata ƙasar da 'yan wasa ba su da yawa.

Amma wa zai zama abincin?

A nan ne na rabu da gwanaye. Wasan harbi ba kamar noma ba ne da kowa zai iya cika rumbunsa a damina ɗaya. Duk harbin da ya shiga lissafinka, mutuwar wani ce a nasa lissafin. Faɗuwar wani tashin wani. Idan gwani ya ce yana son wasan da zai kashe talatin a kashe shi sau biyu yana kishingiɗe, to yana neman a kawo masa mutanen da za su mutu sau talatin ne. Su ma daga aiki suka dawo, su ma da kuɗinsu suka sayi data.

Gwajin da Activision ta bayyana a watan Yulin 2024 ya taɓo wannan kai tsaye. A farkon shekarar, a Modern Warfare III na jerin Call of Duty, ta sassauta awon ƙwarewa ga rabin 'yan wasan Arewacin Amurka ba tare da ta gaya musu ba. Abin da ta ce ta gani shi ne, kashi 90 cikin 100 na 'yan wasan sun rage dawowa, kashi 10 na sama ne kawai suka ƙara zuwa. Ficewa a tsakiyar wasa ta ƙaru, haka ma wasannin da ɓangare ɗaya ke yi wa ɗaya kaca-kaca. Hujjar kamfanin ita ce, in na ƙasa suka gudu, na tsakiya ne za su koma na ƙasa, su ma su gudu, har a wayi gari gwanaye sun rage su kaɗai suna cin junansu, wato abin da suke gudu tun farko.

Dole a tuna cewa kamfanin ne ya yi gwajin, shi ya auna, shi ya ba da labari. Amma ba shi kaɗai ya bi ta wannan hanya ba. Bungie, wani kamfanin wasanni, ta cire awon ƙwarewa daga yawancin fagagen karawa na Destiny 2 a 2020, sannan a 2022 ta dawo da wani sassauƙan nau'insa. Ubisoft kuma, ita ma kamfanin wasanni, ta fito da XDefiant a watan Mayun 2024, babban abin tallarsa shi ne babu awon ƙwarewa a ɓangaren nishaɗi, in ban da wani fage na sababbin shiga. A Disambar shekarar aka sanar za a rufe shi, a Yunin 2025 aka kashe sabarsa. Ba zan ce rashin awo ne ya kashe shi ba, domin yana da wasu matsalolin, kuma kasuwar cike take da manya. Abin da ya tabbata shi ne cire awon bai isa ya riƙe jama'a ba.

Akwai wani abu da ke karkatar da muhawarar. Masu babbar murya a intanet, masu bidiyo da mabiya dubbai, yawancinsu daga cikin kashi goman nan na sama suke, kuma bidiyon da ake kashe mutum hamsin ya fi jan 'yan kallo a kan wanda aka tashi kunnen doki. Ɗan koyon da aka yi wa wulaƙanci ba ya rubuta dogon ƙorafi. Goge wasan yake yi ya samu wurin ajiye hotuna.

Zargin da ke ƙarƙashin maganar

Wasu na cewa ba adalci kamfanoni ke nema ba, so suke su riƙe ka: a ba ka nasara in ka kusa fushi, a ba ka kashi in ka fara sakewa, don ka daɗe ka sayi kaya. Ruwa ba ya tsami banza. A 2017 masu bincike da ke da alaƙa da kamfanin EA sun wallafa takarda a kan haɗa 'yan wasa ta hanyar da za ta sa su daɗe suna wasa, kuma a shekarar aka ba Activision haƙƙin mallakar wata dabara ta haɗa sabon ɗan wasa da gwani mai kayan saye don ya yi sha'awar saya. Activision ta ce ba ta taɓa sa dabarar a wasa ba. Sai dai wanda ya ɓoye maka ma'aunin da yake auna ka da shi shekara goma sha, bai kamata ya yi mamaki ba in ka zarge shi da tauye mudu.

Abin da ya ɓace shi ne zaure

A sanarwar Black Ops 7 akwai abu na biyu da bai samu surutu kamar na farko ba, kuma ni a wurina ya fi shi muhimmanci: za a bar mutanen da suka gama wasa tare su ci gaba da zama tare a zaure ɗaya zuwa wasa na gaba. Tun daga Modern Warfare na 2019 aka saba watsa taron bayan kowane wasa, a sake haɗa ka da baƙi.

Ka duba abin da wannan watsewa ke kashewa. Wanda ya harbe ka sau biyar, ba ka da damar ramawa. Wanda ya taimake ka, ba ka da lokacin ce masa sannu. Ba a sabo, ba a tsokana, ba a ƙulla abota. A filin unguwa ma ai ba daidaiton ƙarfi ne ke sa a dawo gobe ba, sanin juna ne. Kuma filin unguwa yana da tasa dabarar adalcin da ta girmi kwamfuta: manyan 'yan wasa biyu su tsaya, wannan ya zaɓi ɗaya, wancan ya zaɓi ɗaya, har a ƙare. Ba a kori gwani ba, ba a kori ɗan koyo ba, an dai tabbatar gwanayen ba su taru a gefe guda ba. A wasan harbi ma haka ne: tace waɗanda za su shigo zaure daban, raba waɗanda suka shigo gida biyu daidai daban. Na biyun ba ya hana abokai wasa tare, kuma ba ya tsawaita jira.

Don haka in ni za a tambaya, ɓangaren gasa a tsananta awo, a nuna wa kowa lambarsa, a hukunta mai ficewa. Ɓangaren nishaɗi kuwa a kare sabon shiga na makonninsa na farko, domin ba a sa yaron da ya fara ɗaure hannu jiya ya dambata da wanda ya yi shekara goma yana kisa a fage. Bayan nan a buɗe zoben da faɗi, a raba ɓangarori daidai, a bar zaure ya zauna. Sannan a cika shi da wasannin da nasara ba ta da nauyi a cikinsu: manyan fagage masu motoci da mutane da yawa inda rauninka zai ɓuya a cikin taro, wasan ɓuya, wasan da makami ke canzawa bayan kowane kisa. Kamfanin da ya ɗauki wasan gasa ya cire masa lamba kawai ya kira shi nishaɗi, bai gina komai ba.

Mu da ke wasa daga wannan yanki

Ga mai wasa daga Kano ko Zariya ko Maraɗi, akwai abin da ke gaban duk wannan, shi ne jinkirin layi, abin da ake kira ping. Lokacin da saƙo ke ɗauka ne daga wayarka zuwa saba ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kowane kashi ɗaya. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal ta kai kimanin kilomita 7,000. Ke nan in sabar tana Turai, zuwa da dawowa ta wannan hanya kaɗai ya ci kusan kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, ba a sa tafiyar Kano zuwa Legas ba, ba a sa cunkoson eriyar unguwa da ƙarfe tara na dare ba. Shi ya sa za ka ga ka riga mutum harbi a fuskar wayarka amma kai ne ka faɗi, ko ka shige bayan bango harsashi ya same ka a can.

Wannan ya shafi muhawarar kai tsaye. Duk lokacin da aka ƙuntata zoben ƙwarewa, sai na'ura ta faɗaɗa nema a taswirar duniya kafin ta samo tsaranka. A inda 'yan wasa suka yi yawa kusa da saba, ba a jin abin sosai. A wurinmu kuwa yana nufin dogon jira, ko a kai ka sabar da ta fi nisa. Kuma na'urar awo ba ta san cewa wutar unguwarku ta ɗauke ba, ko sabis ya sauka ana tsakiyar artabu. Faɗuwa kawai ta gani, ta rubuta. A ɓangaren gasa wannan maki ne da ka yi mako kana tarawa.

Wasannin waya sun bi wata hanyar ta daban wajen kare sabon shiga: suna cika wasanninsa na farko da 'yan wasan kwamfuta, waɗanda ake ce wa bot. Duk wanda ya fara PUBG Mobile ko Call of Duty: Mobile ya ga irinsu, masu tsayawa a fili suna harbin iska. Fortnite ma ya shigo da su a ƙarshen 2019. Dabarar tana da amfani, domin ba ɗan Adam ɗin da aka ɓata wa dare don wani ya koyi riƙe bindiga. Aibinta shi ne ba a faɗa wa mutum. Yaro ya ci wasa uku a jere ya ɗauka ya gama iyawa, ya faɗa ɓangaren gasa, a nan ya gane da wa yake karawa a baya.

Ni da ƙanena mun samu mafita a ɗakin da ake buɗewa da lambar sirri, wanda yawancin wasannin nan ke da shi. Ranar Juma'a da daddare mukan taru mu takwas ko goma a shagon cajin wani abokinmu, inda janareta ke aiki har sha ɗaya. Mu biyu da muka fi daɗewa a wasan muke zaɓen mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma in ɓangare guda ya ci sau uku a jere sai a sake rabo. Makon jiya ƙanen nawa ya faɗo ɓangaren da ke karawa da ni, ya laɓe bayan wata mota ya kwantar da ni sau biyu.